Lafcadio Hearn: Baƙo mai ido ɗaya da duniya ta ari idonsa ta kalli Japan

Yau bari in fara da tambaya: in aka ce maka Japan, me ke fara faɗo maka a rai? Na san wani zai ce Toyota da Honda, wani ya ce finafinan zanen nan da ake kira anime, wata kuma ta tuno bidiyon da ya zagaya wayoyi lokacin gasar cin kofin duniya a Qatar a 2022, inda 'yan kallon Japan suka tsaya bayan an tashi wasa suna tsince shara a filin ƙwallo. Daga nan sai ka ji an yanke hukunci: ai mutanen nan akwai ladabi, akwai tsafta, ga aiki kamar inji.

To amma tsaya. Kai ka taɓa zuwa? Galibinmu ba mu taɓa ba. Ke nan hoton da ke kanmu wani ne ya ɗauko ya miƙo mana, shi ma kuwa da idonsa ya gani, kuma abin da ke ransa ne ya zaɓa masa abin da zai nuna. Wannan ba yau aka fara ba. Sama da shekara 130 da suka wuce, wani ɗan gajeren mutum mai ido ɗaya ya sauka daga jirgin ruwa a Yokohama, kuma littattafan da ya rubuta bayan nan suna cikin abubuwan da suka fi gina hoton Japan a zukatan mutanen waje. Sunansa Lafcadio Hearn. Japanawa kuma sun fi saninsa da Koizumi Yakumo. Ka biyo ni ka ji rayuwarsa, don in ba ka san abin da ya baro a baya ba, ba za ka gane dalilin da ya sa ya ga Japan yadda ya gan ta ba.

Yaron da kowa ya tafi ya bari

An haife shi ranar 27 ga Yunin 1850 a Lefkada, wani tsibiri na Girka da a lokacin yake ƙarƙashin ikon Birtaniya. Daga sunan tsibirin aka samo Lafcadio. Mahaifinsa, Charles Hearn, ɗan Ireland ne, likita a rundunar sojan Birtaniya. Mahaifiyarsa, Rosa, 'yar Girka ce. Yana ɗan shekara biyu aka kai shi da uwarsa Dublin wurin dangin uban. Rosa ba ta jin Turanci, ga sanyi, ga dangin miji da ba su karɓe ta hannu bibbiyu ba, ga miji kullum yana bakin aiki a wata ƙasa. A 1854 ta koma gida. Yaron yana da shekara huɗu, kuma bai sake sa ta a ido ba har ya bar duniya.

Uban ya sa aka warware auren, ya auri wata, ya wuce Indiya. Sai riƙon yaro ya koma hannun wata tsohuwa mai hali, Sarah Brenane, 'yar'uwar kakarsa ta wajen uba. Ita ta tura shi makarantar kwana ta Ushaw a arewacin Ingila. A can ne, yana da shekara 16, ya ji rauni a wajen wasa, idonsa na hagu ya mutu. Na daman ma ba wani gani yake da shi sosai ba, sai ya kai takarda dab da fuska yake iya karatu. Abin ya tsaya masa a rai har tsufa. In ka nemi hotunansa za ka lura kusan kullum ya juya gefe, ya ɓoye hagun.

A shekarar da ya rasa idon uban ya rasu. Ba a jima ba dukiyar tsohuwar ta karye, aka cire shi daga makaranta, ya faɗa zaman wahala a Landan. A 1869, yana da shekara 19, aka ba shi kuɗin jirgi na tafiya ban da dawowa, aka ce ya nufi Cincinnati a Amurka. Ka ƙirga da kanka: uwa ta tafi, uba ya tafi, mariƙiya ta kasa, ido ya tafi. Duk kafin ya cika ashirin.

Amurka: inda ya koyi saurare

A Cincinnati ya sha kwanan waje da yunwa, har wani mai maɗaba'a, Henry Watkin, ya ba shi wurin kwana da ɗan aikin yi. Daga nan ya kutsa aikin jarida a Cincinnati Enquirer, ya yi suna wajen rubuta labaran kisan kai da na unguwannin da sauran 'yan jarida ke ƙyamar shiga. Yakan zauna da 'yan dako baƙaƙen fata a bakin kogin Ohio, yana sauraren hirarsu da waƙoƙinsu yana rubutawa, a zamanin da ba a ɗauki irin waɗannan mutane a bakin komai ba.

A 1874 ya auri Alethea Foley, baƙar fata da aka haifa cikin bauta. Dokar jihar Ohio a lokacin ta haramta aure tsakanin fari da baƙi. Da maganar ta fito, jaridar ta sallame shi. Auren kansa bai ɗore ba. A 1877 ya tattara ya koma New Orleans, inda ya yi kusan shekara goma. A can ya tattara karin maganar mutanen Kiriyol ya buga a 1885, ya kuma fitar da littafin girke-girkensu a shekarar. A wani babban baje kolin duniya da aka yi a birnin a 1884 zuwa 1885 ne ya ga kayan Japan, ya kuma saba da wani jami'in ilimi na ƙasar, Hattori Ichizo. Riƙe sunan nan, zai dawo. Bayan haka ya yi shekara biyu a tsibirin Martinique, can ma hirar kasuwa da tatsuniyoyin tsofaffi ya fi bi.

Ka ga ke nan, tun kafin Japan yana da hanyarsa. Bai cika zuwa wurin manya ba. Wurin masu dafa abinci, 'yan dako da tsofaffin mata yake zuwa, ya zauna ya kasa kunne. Wanda idonsa bai da ƙarfi, kunne yake wasawa.

Japan ɗin da ya tarar

Ya isa Yokohama a Afrilun 1890, yana da shekara 39, a matsayin wakilin mujallar Harper's ta Amurka. Ƙasar da ya tarar tana tsakiyar juyi. Sama da shekara 200 ta yi tana taƙaita hulɗa da Turawa, sai 'yan kasuwar Holan kaɗai aka bari a wani ɗan tsibiri a Nagasaki, har jiragen yaƙin Amurka suka zo a 1853 suka matsa mata ta buɗe ƙofa. A 1868 aka kafa sabuwar gwamnati da sunan Sarki Meiji, wadda ta ɗaura ɗamarar kamo Turai. An buɗe layin dogo na farko tsakanin Tokyo da Yokohama a 1872. A 1876 aka hana mayaƙan gargajiya, wato samurai, yawo da takobi, aka kuma kawo ƙarshen albashin gadon da suke ci. Gidaje da yawa masu asali suka wayi gari cikin talauci.

Su kuwa Turawa yaya suke kallon ƙasar? Galibinsu a unguwanninsu suke zaune a tashoshin ruwa irin su Yokohama da Kobe, suna da kotunansu, ba sa shiga cikin ƙasa sai da takardar izini. Wasu suna ganin Japan kamar ƙasar 'yar tsana, komai ɗan ƙarami, komai abin dariya. A Landan, wasan The Mikado na 1885 ya yi ta cika ɗakin kallo da irin wannan hoton. A Faransa, Pierre Loti ya fitar da littafi a 1887 kan wani sojan ruwa da ya yi auren wucin gadi a Nagasaki, yana kallon matar kamar kayan ado. Wasu kuma suna ganin Japanawa 'yan kwaikwayo ne kawai, masu sa kwat da hular Turawa ba tare da sun kai ba. Duka ɓangarorin biyu daga nesa suke leƙe, kuma hangen Dala ai ba shiga birni ba ne.

Matsue

Ba a jima ba Hearn ya ɓata da mujallar a kan kuɗi. Ga shi a baƙuwar ƙasa, ba aiki, ba harshe. Hattori ɗin nan da wani malamin jami'a Baturen Ingila, Basil Hall Chamberlain, su suka taimaka ya samu aikin koyar da Turanci a Matsue, wani tsohon gari a yammacin ƙasar, nesa da layin dogo da unguwannin Turawa. Yankin shi ne Izumo, wanda tsoffin labaran Japan ke ɗauka a matsayin ƙasar gumakansu na farko.

Nan fa mutumin ya ji kamar ya iso gida. Mutanen gari suka girmama shi, ɗalibai suka so shi, ba wanda ya dame shi da zancen ido ko gajarta, don a cikinsu ma shi ba gajere ba ne. Suna kiransa Herun-san. Ya yi ta yawo wuraren bauta, maƙabartu, bukukuwan ƙauye, yana tambayar ma'anar wasan yara da layun da ake liƙawa a ƙofa. Da ya zo kwatanta safiyar Matsue, da sauti ya kwatanta ta: dakan shinkafa da asuba, ƙararrawar wurin bauta, kiran masu talla, da ƙarar takalman katako a kan gada. Waɗannan rubuce-rubuce su suka zama littafinsa Glimpses of Unfamiliar Japan, mai juzu'i biyu, da ya fito a 1894.

Bari in ba ka misali ɗaya na irin aikin da ya yi. Turawan Yokohama suna yawan ƙorafi a kan murmushin Japanawa. Ka yi wa ma'aikaci faɗa, yana murmushi. A yi masa rasuwa, ya zo ya faɗa maka yana murmushi. Sai suka ɗauka ko dai raini ne, ko munafunci, ko rashin zuciya. Hearn ya kawo labarin wata Baturiya da ta yi tir da mai aikinta, don ta dawo daga jana'izar mijinta ɗauke da tokarsa a ɗan tulu, tana nuna mata da fara'a. Shi kuwa ya bayyana cewa tun suna yara ake koya musu kada su ɗora wa wani nauyin baƙin cikinsu, musamman na gaba da su, don haka murmushin nan dauriya ce da ladabi. Kai da ka tashi inda ake yabon kawaici, ka san uwar da za ta haɗiye kukan ɗan farinta a gaban mutane, ba za ka sha wahalar gane wannan ba. Amma ga mai karatu a Boston ko Landan a 1894, sabon abu ne a ce masa abin da ya kira rashin zuciya, shi ne bai iya karanta fuskar ba.

Matar da ke bayan littattafan

Sanyin hunturun farko ya kwantar da shi. Aka samo wata matashiya ta kula da gidan, Koizumi Setsu, 'yar gidan samurai da juyin zamani ya talauta, wadda ta sha saƙa don ciyar da danginta. Ita ta zama matarsa, suka haifi 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: Hearn bai taɓa ƙwarewa a Japananci ba. Bai iya karanta littattafansu yadda ya kamata ba har ya mutu. Setsu kuma ba ta jin Turanci. Sai suka ƙirƙiro wani gurguwar Japananci nasu na cikin gida, wanda su biyu suka fi kowa gane shi. Ita ke yawo shagunan tsoffin littattafai tana nemo labarai, ita ke jiyo su a bakin mutane. Da dare sai a rage fitila ta ba shi. Kuma ba ya yarda ta karanta masa daga takarda. Sai ta karance, labarin ya zauna mata, sannan ta ba shi da bakinta da muryarta, kamar dai yadda kaka ke yi wa jikoki tatsuniya. Shi kuma ya yi ta tambaya, ya sa ta maimaita, sannan ya zauna a dogon teburinsa, fuska dab da takarda, ya rubuta da Turanci.

Ta haka aka samu Kwaidan, littafin labaran fatalwa da ya fito a 1904. A ciki akwai labarin Hoichi, makahon makaɗi da fatalwoyin wani gidan sarauta da aka hallaka a yaƙin teku na 1185 suke ɗauka kowane dare ya yi musu waƙar faɗuwarsu. Malamin wurin bautar da yake zaune ya sa aka rubuce masa jiki da rubutun tsari, aka manta kunnuwa, fatalwa ta zo ta ga kunnuwa kaɗai ta fizge su. Akwai kuma labarin matar dusar ƙanƙara, wadda ta auri mutum ta haifa masa 'ya'ya, ranar da ya karya alkawari ta ɓace ta bar shi da su. Masu nazari da dama suna ganin ba banza ba ne mutumin da uwarsa ta tafi yana ɗan shekara huɗu ya zaɓi irin wannan labari ya ba shi wannan nauyi.

Don haka in an ce Japan ta idon Hearn, ka tuna cewa kaso mai yawa ta bakin Setsu ya biyo. Sunansa ne a bangon littafi, amma su biyu suka yi aikin.

Saboda ita da yaran ne ma ya sauya ƙasa. A dokar lokacin, in aka yi rajistar auren ta bi shi, za ta rasa zamanta 'yar Japan, gadon abin da ya tara kuma zai iya shiga ruɗani. Sai shi ya shiga gidansu. A 1896 ya zama ɗan Japan, ya ɗauki sunan danginta, Koizumi, da sunan Yakumo, wato gajimare takwas, kalmar da ke da alaƙa da ƙasar Izumo.

Inda ya ƙara gishiri

Kada ka ɗauka duk abin da ya rubuta haka yake. A watan Yunin 1896 igiyar ruwa mai ƙarfi ta afka wa gaɓar Sanriku a arewa maso gabashin Japan, ta kashe mutum kusan dubu 22. Bayan haka Hearn ya rubuta labarin wani dattijon ƙauye da ya hango teku na ja da baya, ya cinna wa amfanin gonarsa wuta don mutane su rugo kan tudu kashe gobara, ta haka suka tsira. Labarin ya fito a littafinsa na 1897, kuma yana cikin rubuce-rubucen farko da suka shigar da kalmar tsunami cikin Turanci.

Labarin yana da tushe. An yi wani mutum, Hamaguchi Goryo, a ƙauyen Hiro da ke Wakayama a yau, lokacin girgizar ƙasa ta 1854. Amma shi ba tsoho ba ne, shekararsa 34, ɗan gidan 'yan kasuwa masu arziki. Wutar da ya kunna wa tarin karan shinkafa don ta haska wa mutane hanyar tudu ne cikin duhu, bayan ruwan ya riga ya fara ɓarna. Babban aikinsa ma daga baya ya zo, da ya kashe kuɗinsa ya ɗauki mutanen ƙauyen aiki suka gina ganuwar tare ruwa. Hearn ya mai da shi tsohon manomi, don shi irin Japan ɗin da yake so ke nan: ta ƙauye, ta dattawa, ta sadaukarwa. Attajiri matashi mai tsara aikin gini bai dace da hoton ba.

Abin mamaki, sigar Hearn ce ta dawo gida ta zauna. Wani malamin makaranta ya sake rubuta ta da Japananci, ta shiga littafin karatun firamare daga 1937 zuwa 1947. A 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Nuwamba a matsayin ranar wayar da kai kan tsunami, don tunawa da wannan labari. Ka ga yadda kallon baƙo ke iya zama madubin da ɗan gari zai riƙa duba kansa.

Da mafarki ya fara washewa

Wata 15 kacal ya yi a Matsue. Sanyi da nauyin dangin matarsa da yake ɗauke da su suka sa ya koma Kumamoto a ƙarshen 1891, makarantar da shugabanta a lokacin shi ne Kano Jigoro, wanda ya kafa wasan judo. Kumamoto garin soja ne, mai sabbin gine-gine, kuma bai ji daɗinsa kamar Matsue ba. A 1894 ya koma Kobe aikin jarida, a 1896 ya zama malamin adabin Turanci a Jami'ar Tokyo.

A waɗannan shekaru Japan ta ci Sin da yaƙi a 1895, masana'antu suka yawaita, birane suka cika da hayaƙi da wayoyin tangaraho. Hearn ya tsani wannan. A wasiƙunsa ga abokai ya yi ta kukan cewa ƙasar da ya ƙaunata tana ɓacewa, jami'an gwamnati masu kwat kuma ba su da kirkin talakawan ƙauye. To amma ka tambayi kanka: ɗalibansa fa, me suke so? Su sun ga yadda Turawa suka yi wa Sin da Indiya. A wurinsu jirgin ƙasa, masana'anta da jirgin yaƙi su ne katangar da za ta hana a mulke su. Baƙo yana son ƙasar ta tsaya yadda ta burge shi, 'yan ƙasa kuwa suna son su tsira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 1903 jami'ar ta kawo ƙarshen aikinsa, duk da ɗalibai sun yi bore a kan haka. Wanda ya gaje shi shi ne Natsume Soseki, wanda bai daɗe da dawowa daga zaman shekara biyu a Landan ba, zaman da ya yi cikin kaɗaici da ƙunci, yana jin Turawa na kallonsa a matsayin baƙon halitta. Soseki ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Japan, har hotonsa ya hau takardar kuɗi ta yen 1,000 daga 1984 zuwa 2004.

Littafin Hearn na ƙarshe, Japan: An Attempt at Interpretation, ya bambanta da na farko. Sunan kansa yana nuna cewa ƙoƙari ne kawai na fassara ƙasar. A ciki ya amsa cewa daɗewa ta nuna masa ƙarancin fahimtarsa. Ya kuma nuna cewa ladabi da natsuwar da suka burge shi a farko ba daga sama suka faɗo ba. Ɗaruruwan shekaru na doka mai tsanani ne suka haife su, inda iyali da unguwa da hukuma ke danne son ran mutum ɗaya. Wato bayan shekara 14 ya fara ganin kuɗin da ake biya kafin a samu murmushin nan.

Ya rasu da ciwon zuciya a Tokyo ranar 26 ga Satumban 1904, yana da shekara 54, ana tsakiyar yaƙin Japan da Rasha, watanni kaɗan bayan ya fara koyarwa a Jami'ar Waseda. An binne shi a maƙabartar Zoshigaya. Soseki ma da ya rasu a 1916, a nan aka binne shi.

Abin da ya bari

Tasirinsa bai tsaya a adabi ba. Bonner Fellers, wani hafsan sojan Amurka da ya yi aiki kusa da Janar MacArthur lokacin mamayar Japan bayan 1945, ya daɗe yana karanta Hearn, kuma yana cikin waɗanda suka ba da shawarar kada a gurfanar da Sarki Hirohito. A 1964 Masaki Kobayashi ya yi fim ɗin Kwaidan, wanda ya samu lambar yabo ta musamman a bikin finafinai na Cannes a 1965. Gidan da ya zauna a Matsue yana nan ana ziyarta, da gidan tarihi a gefensa. Yaran Japan da yawa sun san Hoichi da matar dusar ƙanƙara ne ta sigar wannan baƙo.

Masu sukarsa ma suna da hujja. Chamberlain, wanda ya taimaka masa da farko kuma ya fi shi sanin harshen nesa ba kusa ba, daga baya ya ɗauke shi a matsayin mutumin da ya rayu cikin mafarki. Wasu suna cewa ya taimaka wajen kafa tunanin cewa Japan wata duniya ce ta daban mai cike da asiri, wadda ba a auna ta da ma'aunin sauran mutane. Har gobe wannan tunani yana nan, sai dai ya sauya riga: jiya fatalwa da samurai, yau mutum-mutumi da jirgin ƙasa mai gudun tsiya.

To kai fa?

Ga abin da nake so ka ɗauka. Hearn ya fi Turawan zamaninsa adalci saboda ya fita daga unguwar baƙi, ya zauna a ƙasa, ya saurari talaka da mace da tsoho, ya kuma ɗauka cewa abin da bai gane ba yana da ma'ana a wurin masu shi. Duk da haka, maraicinsa ya bi shi har cikin rubutunsa. Mutum ne da ya rasa gida tun yana yaro, sai ya ga Japan a matsayin gidan da ba a korar kowa, ya daɗe kafin ya yarda ya ga sauran.

Mu ma haka muke yi. Wanda ƙazantar unguwarsu ta dama, tsaftar Japan zai gani. Wanda ya gaji da jiran mota, jirginsu da ba ya makara zai gani. Duk gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Japanawan da ake yaba wa ƙwazo su ne kuma suke da kalmar karoshi, wato mutuwa saboda yawan aiki, kuma su da kansu suna muhawara a kan kaɗaici, raguwar haihuwa da tsufan al'ummarsu.

Saboda haka duk ranar da wani bidiyo ya faɗo wayarka yana ce maka ga yadda mutanen wata ƙasa suke, ɗan dakata kafin ka tura wa wani. Wa ya ɗauka? Kwana nawa ya yi a can? Yana jin harshensu? Da wa ya zauna? Me yake nema da ya rasa a gida? Ka yi wa mai yabo waɗannan tambayoyi kamar yadda za ka yi wa mai zagi. In kuma wata rana tafiya ta kai ka wata ƙasa, karatu ko neman abinci, ka ari kunnen Hearn, ka kuma tuna cewa shi kansa sai da ya shekara 14 kafin ya iya cewa bai gama ganewa ba.